Lesin tarihi na hutu da na saka yarana: ya ci kuɗinsa, amma motarsu sai a hankali

Iyaye da yawa sun tare ni a bakin get ɗin makaranta tun da aka koma, wai sun ji na saka yarana lesin tarihi a dogon hutun nan, shin da amfani ko ɓata kuɗi ne, to maimakon in yi ta maimaita magana ɗaya a tsaye cikin rana gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. A taƙaice dai ya ci kuɗinsa, kuma in Allah ya kai mu wani hutun zan sake saka su, amma akwai abubuwan da suka ɓata min rai sosai kuma zan faɗe su tunda ba kyauta aka yi min ba. Ba zan kama sunan wajen ko na malamin ba, wanda ya san cikin gari zai gane, wanda bai sani ba ya tambaye ni in mun haɗu.

Wajen ba wata babbar cibiya bace. Wani dattijo ne tsohon malamin sakandare da ya yi ritaya, shi da wasu matasa biyu da suka karanta tarihi a jami'a, suka karɓi aron azuzuwan wata islamiyya da safe tunda ita sai yamma take aiki. Ranakun mako ana aji daga safe zuwa kafin azahar, Asabar kuma a fita da yara yawon gani da ido a cikin Kano. Suna ɗaukar yara daga ɗan aji biyar na firamare zuwa ƙaramar sakandare. Kuɗin bai wuce abin da muke biya na lesin lissafi ba, sai dai kuɗin mota na ranar Asabar daban ne kuma ba a faɗa mana haka ba lokacin cike fom, sai da aka fara muka ga saƙo a guruf ɗin WhatsApp na iyaye, wannan shi ne abu na farko da ban ji daɗi ba. Ana karɓar tiransifa, suna ba da rasit na hannu.

Abbansu tun farko bai so ba, kuma ba zan ce maganarsa shirme bace. Cewa ya yi tarihi ba ya kawo abinci, a kai su su koyi kwamfuta ko a ƙara musu lissafi da Turanci, wa ya taɓa ganin an ɗauki mutum aiki dan ya san sunan sarkin da ya mutu shekara ɗari biyar da suka wuce. Ni kuma abin da ya tsaya min shi ne babbar 'yata tana aji biyu na ƙaramar sakandare, tana cin jarrabawa lafiya lau, amma da na tambaye ta waye a jikin naira ashirin sai tace min "Murtala", na ce waye shi, tace ai sunan kuɗin ne da kuma asibiti. Wallahi ba laifinta bane. Gwamnati da kanta ta cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare tun zangon 2009/2010 aka cusa ɗan abin da ya rage cikin soshiyal, sai zamanin Malam Adamu Adamu yana ministan ilimi aka ce a dawo da shi, har aka yi bikin ƙaddamarwa a Abuja a Nuwamban 2022. To amma dawowa a takarda daban, samun malamin da zai koyar daban. Shekara sama da goma ba a koyarwa, su waɗanda za su koyar ɗin ma da yawansu ba a koya musu ba. A makarantar yarana akwai shi a jadawali, malamin soshiyal ne ke shiga ya rubuta musu not a allo su kwafa shikenan.

Abin da ya fara burge ni da Malam, wato dattijon mai lesin, shi ne da kuɗin ya fara, kamar ya san abin da ke raina. Ranar farko ya ce kowa ya fito da kuɗin tara da aka ba shi ya ajiye kan benci. Biyar Tafawa Ɓalewa, ɗari biyu Sardauna, ɗari Awolowo, ɗari biyar Azikiwe, ashirin Janar Murtala da aka kashe ranar 13 ga Fabrairun 1976, sannan ya ce su juya bayan ashirin ɗin su ga matar da ke ginin tukunya, Ladi Kwali kenan. Autana ya dawo gida ya zazzage min jaka yana neman dubu ɗaya wai zai nuna min Aliyu Mai-Bornu da Clement Isong, gwamnonin babban banki. Ni kaina da nake taɓa dubu kullum ban taɓa tsayawa na karanta sunayen ba.

Amma inda kuɗina ya fita da gaske shi ne yadda yake tambaya. Malam ba ya barin yaro ya faɗi abu ya zauna, sai ya ce "wa ya faɗa maka? shi ta ina ya sani?" Kullum wannan tambayar, har yaran suka mayar da ita waƙa. Na zauna a bayan aji wata rana dan in ga abin da nake biya (suna barin iyaye su zauna, wannan ma maki ne a wajena), ranar ana Bagauda. Ya rubuta 999 a allo da ƙaton alli, ya ce wannan ita ce shekarar da ake cewa Bagauda ya zama sarkin Kano, duk suka rubuta. Sai ya koma can ɗaya ƙarshen allon ya ce kundin da ya kawo jerin sarakunan Kano da shekarun da kowa ya yi, da Larabci aka rubuta shi wajen ƙarshen ƙarni na 19, wani Bature Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, kuma ita 999 ɗin lissafi aka yi da baya-baya, aka tara shekarun sarautar kowa aka cire. Ya ja layi tun daga wannan ƙarshen allo zuwa wancan, allin har yana karyewa, ya ce tsakanin nan da nan kusan shekara ɗari tara ne, to su wa suka riƙe labarin duk tsawon nan? Aji ya yi tsit. Can wani yaro ɗan ƙarami a gaba ya ɗaga hannu ya ce "Allah gafarta Malam, to ƙarya ce kenan?" Malam ya yi dariya ya ce a'a ɗana, maroƙa da makaɗan fada da 'yan bayi masu riƙe kirarin sarakuna ba wasa suke ba, aikinsu kenan kaka da kakanni, amma in mutum ya ce maka daidai 999 ba 990 ba ba 1010 ba sai ka tambaye shi hujja. Haka ya yi musu da Bayajidda da rijiyar Kusugu ta Daura, bai ce su yarda ba bai ce su ƙaryata ba, ya ce wannan labari ne da mutane suka riƙe dan su bayyana yadda garuruwan Hausa suke 'yan uwan juna, kuma masana har yau suna ja-in-ja a kansa. Ni da na yi sakandare lokacin ana tarihin ma ba a taɓa koya min haka ba, mu haddace muka yi muka zubar a takarda.

Fitar Asabar ita yara suka fi so. Dala aka fara hawa, da sassafe kafin rana ta yi zafi, kuma Malam da shekarunsa ya riga wasu iyayen kaiwa sama, ni dai sai da na huta a hanya ban ɓoye ba. Daga can sama ya nuna musu Goron Dutse, ya nuna hasumiyoyin babban masallacin Juma'a da Gidan Rumfa a gefensa, ya ba su labarin Barbushe da Tsumburbura da maƙeran da ke narka tama a gindin dutsen tun kafin a san za a yi wani gari wai shi Kano. Sannan ya ce su nemo masa ganuwa da idonsu. Nan ne abin ya zama abin tausayi dan sai ka yi da gaske kake gano guntayenta, wani wajen an yi gini a kai wani wajen an kwashe ƙasar wani wajen bola, ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara tun ƙarni na 12 aka yi ta faɗaɗa ta ɗaruruwan shekaru. 'Yata ta ce Umma to me yasa aka bari, na ce tambayi Malam, Malam ya ce tambayi Umma, mu ne manya lokacin da ake cinye ta.

Gidan Makama kuwa ko ba lesin ya kamata kowane ɗan Kano ya kai yaransa, yana nan daf da fada, kuɗin shiga ba wani abu bane. Ginin kansa shi ne abin kallo na farko, katanga mai kauri da azara da daurin guga, kana shiga zaure za ka ji sanyi kamar an kunna maka wani abu alhali ƙasa ce kawai. A nan aka yi musu Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, wanda ya gina gidan sarki na yanzu ya kafa kasuwar Kurmi, a zamaninsa Shehu Maghili ya zo daga Tilimsan ya rubuta masa nasiha kan yadda ake mulki. Akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da sulke da kayan yaƙi da hotunan zamanin Turawa, yaran maza dai wajen kayan yaƙin suka maƙale sai da aka janye su.

Marinar Ƙofar Mata ce ta fi tsaya min a rai. Ana cewa tun 1498 take. Warin baba ne zai fara tarbarka tun kafin ka ga rijiyoyin, yara suka fara toshe hanci ana dariya, wani dattijo yana zaune a bakin rijiyarsa hannunsa shuɗi har gwiwar hannu ko da yake da safar roba, yana tsoma farin yadi yana ɗagowa. Ya ce su zuba ido, in ya ɗago sai ka ga yadin kore-kore ne ba shuɗi ba, yana shan iska a gabanka yana rikiɗa yana komawa shuɗi, ya sake tsomawa ya sake ɗagowa, wai haka za a yi ta yi har sai ya kai duhun da ake so. Baba da toka da katsi ake haɗawa a bar su kwanaki su nuna kafin a fara. Daga gefe kana jin ƙarar mabuga tim tim suna bugun shadda kan gungume. Rijiyoyi da yawa a bushe suke an daina amfani da su, dattijon ya ce yaran yanzu basa son aikin kuma atamfa da shaddar waje sun cika kasuwa. Malam ya tsaya a nan ya ba su labarin Barth, Bajamushen da ya zo Kano a 1851 yana kiran kansa Abdulkarim, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ake rinawa a Kano suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Sai ya ce to ku gaya min, garin da ke tufatar da mutane har bakin tekun Bahar Rum ya aka yi yau Kantin Kwari ya cika da kayan Sin? Bai ba su amsa ba, asayimen ya ba su, su je su tambayi wani babba a gidansu da ya san masaƙun Bompai da Sharaɗa da Challawa lokacin suna aiki. Abbansu da ya ce tarihi ba ya kawo abinci shi ya zauna bayan isha'i yana yi musu bayanin wutar lantarki da kayan fasa-ƙwauri har goma ta wuce, ni dai ban ce komai ba.

Ƙofar Kabuga an je amma a gurguje, tsakiyar titi ne ga adaidaita sahu ta ko'ina ba wajen tsayuwa da yara bane, daga cikin mota aka yi yawancin bayanin. Ta nan sojojin Turawa ƙarƙashin Kanar Morland suka shiga ranar 3 ga Fabrairun 1903, Sarki Alu baya gari ya tafi Sakkwato, Waziri Ahmadu ya rasu a Kwatarkwashi, shi Alu aka kama shi aka kai shi Yola daga baya Lokoja inda ya rasu a 1926, aka naɗa Abbas. Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa ya fi daɗin tsayawa, gidan Hanns Vischer da ya buɗe makarantar boko a 1909, yara suka yi ta mamaki wai ashe bokon da suke kuka da ita kullum da safe a nan unguwar ta fara. A Mambayya, gidan Malam Aminu Kano, kuma na ji abin da ban sani ba, ashe mutum takwas da suka kafa jam'iyyar NEPU ranar 8 ga Agustan 1950 babu Malam Aminu Kano a cikinsu, yana koyarwa a Maru lokacin, daga baya ya ajiye aiki ya zo ya zama jagora.

To yanzu bari in zo kan abin haushi. Motar. Wata tsohuwar bas ce da suke haya, kujerar mutum uku a sa yara biyar, tagar baya ba ta buɗuwa, ƙofar sai kwandasta ya riƙe da hannu. Ranar da aka je Ƙofar Mata motar ta mutu mana a hanya sai da samarin unguwa suka tura, yara suna ta ihu suna murna wai abin wasa ne, ni kuwa cikina ya ɗuri ruwa. Ga rashin kiyaye lokaci, a ce bakwai a taru ba a tashi sai tara saura, kuma ba laifin iyaye bane kullum, sau da yawa direban ake jira. Ba akwatin magani ko na ciwon kai, ba wanda ke riƙe da takardar sunayen yara da lambar iyayensu sai da wata uwa ta yi magana da faɗa-faɗa sannan aka fara kiran suna kafin a tashi da bayan an dawo. Ruwa kuma fiya wata ne jaka biyu a ƙasan kujera ya yi zafi kamar shayi, daga baya kowa ya koma ba yaronsa gora daga gida. Mutum yana ɗaukar 'ya'yan mutane a cikin garin nan ai ba a wasa da irin wannan.

Sai handawut ɗin da suke rabawa, fotokwafi na fotokwafi, taswirar daular Usmaniyya ta zama baƙin tabo kawai baka gane Zazzau balle Adamawa. Sun ce akwai majigi da za a riƙa nuna tsofaffin hotuna, sau ɗaya na ji an kunna, kullum ba wuta kuma ba man janareta. Cikin matasan nan biyu ɗaya yana da ƙoƙari sosai yana bin salon Malam, ɗayan kuwa in ya shiga karanto not yake yi su rubuta, irin abin da na gudo daga gare shi, yarana har sun san ranakunsa suna cewa yau ba daɗi. In Malam baya nan rabin armashin ya tafi, kuma dattijo ne, wannan abin dubawa ne ga wanda zai biya kuɗi saboda shi.

Wani abin kuma Kano ta yi yawa. Na san a Kano muke kuma ita ake iya gani da ido, amma yaro ya gama lesin tarihi bai ji komai kan Borno da Mai Idris Alooma ba, bai ji Oyo ko Benin ba, Damagaram da ke nan kusa da mu da muka yi ta gwabzawa da ita muna kuma kasuwanci ko ambato babu, yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970 a rana ɗaya aka dunƙule shi. Jihadin 1804 an yi shi da kyau ta ɓangaren Shehu da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello, da yadda Alwali ya faɗi aka naɗa Sulaimanu sannan Ibrahim Dabo a 1819, amma da aka zo basasar Kano ta Tukur da Yusufu sai na ga Malam yana taka-tsantsan yana wucewa da sauri, haka maganar cinikin bayi a Kurmi, jimla biyu ya yi ya wuce. Na same shi bayan an tashi na ce Malam ya haka, ku da kuke cewa a tambayi hujja. Ya ce Hajiya a ajin nan akwai jikokin kowane ɓangare, kuma yara ne, in suka kai magana gida ba yadda na faɗa za su kai ta ba. Na fahimce shi amma ban gamsu duka ba, dan in ba a gaya musu a aji da hankali ba za su ji a waje da rashin hankali. Inda na goyi bayansa ɗari bisa ɗari shi ne da wani yaro ya so jan shi cikin rigimar masarauta ta yanzu, ya ce wannan ba ta zama tarihi ba tukunna, labarai ce, ka bari ta huce.

Mata ma sai da muka yi ƙorafi. Bayan Ladi Kwali ta ranar farko sai Amina ta Zazzau aka ambata sama-sama shikenan. Mu iyaye mata muka yi magana a guruf, kuma a nan zan yaba musu dan basu yi fushi ba, satin da ya biyo baya aka ware rana guda aka yi Nana Asma'u 'yar Shehu, 1793 zuwa 1864, da tsarin 'yan taru da jajis ɗinta masu bi ƙauye-ƙauye suna karantar da mata da waƙoƙi, aka yi Hajiya Gambo Sawaba da ɗaurin da ta sha saboda siyasa. 'Yata ta dawo tana cewa ashe matan Arewa basu fara jefa ƙuri'a a babban zaɓen ƙasa ba sai a 1979, ta ɗauka tun samun 'yanci ne.

Asayimen na ƙarshe shi ne wanda ko shi kaɗai aka yi zan ce kuɗina bai tafi a banza ba. Kowane yaro ya je ya yi hira da tsoho ko tsohuwar gidansu ya ɗauka a waya, sannan ya yi ƙoƙarin sa wa labarin shekara. Nawa suka tafi wajen Hajiya, mahaifiyar Abbansu. Tana ganinsu da waya ta ce da autan "kai maigida yau kuma ɗan jarida ka zama, to kawo kuɗin cefane tukunna", ta kalli 'yata ta ce "ke kuma kishiya me kika zo nema". Aka yi ta wasa sannan ta zauna ta fara, dalar gyaɗa da ta gani da idonta tana yarinya, jirgin ƙasa, shekarar fari da aka yi ta rabon jar dawa, ranar da aka koma tuƙi ta hannun dama direbobi suka rikice. Hajiya ba ta san shekarar komai da lamba ba, komai sai ta ce shekarar kaza. Da aka tambaye ta yaushe aka haifi Abba sai ta ce "shekarar canjin kuɗi". 'Yata ta rubuta 1973 dan Malam ya gaya musu a Janairun shekarar aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, har ta rufe littafi sai ta tsaya ta ce kai, in haka ne Abba ya haura hamsin kenan, ai bai kai ba. Ta koma ta ce "Hajiya wanne canjin, na fam ko wani?" Hajiya ta ce "a'a na soja mana, na Buhari, da aka canza launin kuɗi aka rufe boda mutane suka kwana a layin banki, ina da tsohon ciki lokacin". 1984 kenan. Yarinyar nan ta fito tana tsalle kamar ta ci gasa, ta je ta ɗauko katin ɗan ƙasa na Abbanta ta duba ta ga ya yi daidai. Tuƙin hannun dama kuma suka gano Afrilun 1972 ne, farin kuma na wajen 1973. Yanzu muryar Hajiya tana nan a wayata kusan awa guda, na tura wa duk 'yan uwan Abbansu har na Legas.

To ko karatun tarihi yana da amfani? Ta fuskar aiki Abbansu yana da gaskiyarsa, wanda ya yi digiri a tarihi ƙofofinsa basu da yawa, koyarwa ne, ko gidajen tarihi, ko wajen adana takardu irin na Kaduna da Arewa House, sai wanda ya lanƙwasa ya shiga jarida ko aikin gwamnati, su kansu matasan nan biyu da suke taya Malam ai rashin aiki ne ya kawo su. Ni ban ce 'yata ta karanta shi a jami'a ba, likita take so kuma ina bayanta. Amma maganar a ce yaro ya tashi babu tarihi sam ba ta ma taso ba, dan ko ka hana shi a aji zai sha shi a wani wajen. Kunna rediyo da dare ka ji sojojin baka, kowa da nasa tarihin Sardauna da Malam Aminu da ya yanka daidai da jam'iyyarsa. Shiga TikTok ka ga yaro ɗan shekara ashirin yana rantsuwa kan asalin Hausa da Fulani yana raba mutanen da suka yi ɗaruruwan shekaru suna auratayya, dubban mutane suna danna masa so. Rigimar fili, rigimar sarauta, rigimar wa ya riga wa zuwa gari, duk da tarihi ake yinsu. Kwanan nan wata 'yar uwata ta turo wani tsohon hoto a guruf ɗin gida wai Kano ce a shekarar 1800, kowa yana masha Allah, 'yata ta karɓi wayata ta kalla ta ce Umma a 1800 ai ba a ƙirƙiro kyamara ba. Ban bari ta rubuta a guruf ɗin ba dan kar a ce ta yi wa manya rashin kunya, amma na ji daɗi har raina.

Wanda yake neman abin da zai taimaki ɗansa a WAEC ko JAMB kai tsaye, wannan ba wajensa bane, basa bin silabas kuma basa yin tsofaffin tambayoyi, ku nemi wani lesin. Yaron da bai kai shekara goma ba shima ku bar shi a gida, autana yana kan iyaka ne kuma ranar Dala sai da aka goyo shi wajen saukowa. In za ku saka naku ku tambayi kuɗin mota tun ranar cike fom, ku ba su takalmi mai rufi da hula da gorar ruwa da ɗan abin taɓawa dan ba a ba da abinci, kuma in da hali uwa ko uba ɗaya ya riƙa bin motar ranar Asabar ko da karɓa-karɓa ne tsakaninku.

Malam ya ce hutu mai zuwa yana so ya kai su Daura su ga Kusugu, su wuce Katsina su ga hasumiyar Gobarau, kwana ɗaya a hanya. Yarana tun yanzu sun fara tara kuɗi a asusu. Na gaya masa gaba da gaba, aji kam da ni, amma Daura sai na ga motar da idona, na ga direban, an kuma rubuta mana kuɗin duka a takarda kafin in sa hannu.